Aminin mijina ya kawo min cinikin bene a Abuja, in saka kuɗin marayu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni a Kano nake, mijina ya rasu bara ya barni da yara huɗu. Bayan an raba gado, da tumunina da kason yaran da ɗan abinda na tara a sana'ar atamfa, akwai miliyan 60 a hannuna. Aminin marigayi wanda tun ranar rasuwa shi ke tsaye a kanmu ya kawo min maganar wani bene mai fulat 8 a Lugbe Abuja, wai miliyan 240 za a sayar, mutum huɗu za mu haɗa kowa 60, kamfanin da ya haɗa cinikin shi zai riƙa karɓar haya yana ba kowannenmu miliyan 15 duk shekara ba fashi. Ya turo min bidiyon gidan da hoton C of O, wato takardar mallakar filin, a WhatsApp, yace orijinal ɗin yana wajen lauyan kamfanin. Na riga na tura miliyan 3 kafin alƙalami a akawun ɗin manajansu, ance in cika kafin Juma'a ta sama ko a ba wani. Ni ko fuloti ban taɓa saye ba, kuma wallahi kunya nake ji in matsa masa da tambaya kar yaga kamar ban yarda dashi ba bayan duk halaccin da yayi mana. Ya zanyi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigida yasa ya huta, Allah ya raya abinda ya bari ya albarkace su.

Bari in fara da wanda baya jira, kar ki ƙara tura ko naira ɗaya, ki bar Juma'ar nan tazo ta wuce abinta. In benen na gaskiya ne da takardun gaskiya, sati uku ko huɗu da lauya zai ɗauka yana bincike ba zai hana ciniki ba, kuma mai neman haɗa miliyan 240 baya korar wadda ke riƙe da miliyan 60 a hannu dan kawai tace a bata lokaci ta duba takarda. Wannan maganar ta "cika kafin Juma'a ko a ba wani" ita ce abinda yafi tayar min da hankali a duk wasiƙarki, saboda duk wanda yasan akwai abinda bincike zai tono, gaggawa ce kaɗai makaminsa.

Sai maganar kunya, dan ni a ganina ita ce ainihin matsalarki ba benen ba. Ni bance aminin mijinki macuci bane, ban sanshi ba, kuma mutumin da ya tsaya a kan iyalin abokinsa bayan ƙasa ta rufe ido ya cancanci a girmama shi. Amma ki sani 'yan damfarar gidaje basa aiko baƙo, wanda kike ganin girmansa suke nema su ruɗa shi tukuna, su nuna masa ofis mai sanyin esi da motoci a waje, suyi masa alƙawarin la'ada, shi kuma ya taho miki da zuciya ɗaya yana ganin alheri ya kawo wa marayun abokinsa. Kinga zai iya zama mutumin kirki ɗari bisa ɗari kuma kuɗinki ya salwanta ta hannunsa, ranar da abin ya fashe shima kuka zai zo yana yi tare dake, kukan kuma baya biyan kuɗin makarantar yara. Amanarsa daban, ingancin takarda daban, kar ki bari ɗaya ta tsaya a madadin ɗaya.

Toh yanzu ɗauko waya ki buɗe kalkuleta. Ance kowa miliyan 15 a shekara, ku huɗu, miliyan 60 kenan. Raba ta gida 8, kowane fulat sai ya kawo miliyan 7 da rabi a shekara kafin alƙawarin nan ya cika, kuma fa wannan ba a cire komai ba, ba gyaran famfo, ba fenti, ba albashin maigadi, ba kuɗin bohol in ya lalace, ba harajin ƙasa, ba ladan shi kansa kamfanin da zai kula da gidan, ba watannin da fulat zai zauna ba kowa tsakanin fitar wannan da shigar wancan, ba ɗan hayar da zai ƙi biya ya ƙi tashi sai anje kotu. Ki kira duk wanda kika sani yana zaune Lugbe ki tambaye shi nawa yake biyan fulat ɗinsa, ki kira mutum biyu uku, ki kwatanta da wannan miliyan 7 da rabin. Misali ace miliyan 3 kowanne ke kawowa kuma duk a cike suke, miliyan 24 kenan, kasonki miliyan 6 tun kafin a cire ɗawainiya. To ragowar miliyan 9 ɗin daga ina za ta fito? In ba daga haya ba, daga aljihun wanda zai shigo bayanki za ta fito, ko ma daga cikin kuɗinki a yanko a miƙo miki shekarar farko ki saki jiki ki kira 'yan uwanki su shigo. Haka MMM tayi wa mutane a 2016, haka CBEX ta rufe da kuɗin jama'a a watan Afrilun 2025, bambancin kawai nan an sa hoton bene a gaba. Kuma ko ta fuskar addini ki tambayi malamin da kika yarda dashi, haɗin gwiwar da aka yanke miki riba tsayayya tun farko, ko anci ko an faɗi, ba haka sharia ta tsara tarayya ba, kaso ake yankewa a cikin abinda aka samu. Duk kamfanin da yake tara kuɗin mutane da sunan zai juya musu ya basu riba dole ya kasance da rajistar SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari, dokar zuba jari da aka sa wa hannu a 2025 ma ta fito ƙarara ta haramta irin tsarin nan na biyan tsoho da kuɗin sabo, har da ɗauri. In sun nuna miki satifiket ɗin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kar ya burge ki, shi shaidar an yi wa kamfani rajista ne kawai, ba lasisin karɓar jarin mutane bane, kuma ba shaidar gaskiya bane.

Mu zo kan hoton C of O ɗin da aka turo miki. Hajiya hoto ba takarda bane, yaro mai kwamfuta a shagon buga takardu zai haɗa miki wanda yafi na gaskiya kyau. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a kowace jiha tana hannun gwamna ne, a Abuja kuma ministan birnin tarayya, abinda mutum yake riƙewa izinin zama ne na wa'adi, galibi shekara 99, kuma ko ka saya a hannun mai shi cinikin baya cika a idon doka sai an samu amincewar gwamna ko minista an yi rajista. Dan haka gaskiyar kowane gida tana cikin fayil ɗinsa a ofishin filaye, a Abuja AGIS kenan, kamar yadda ku a Kano kuke da KANGIS. Ki ɗauki lauya naki na kanki, ba lauyan kamfanin ba, ba wanda aminin maigida zai kawo ba, wanda ke kika nemo ke kike biyansa kuma ya saba aikin filaye a Abuja, ya shigar da buƙatar bincike a AGIS da lambar fayil da lambar fuloti, ya kawo miki rahoto a rubuce. Kuɗin da za ki kashe a nan ko kusa bai kai abinda kika tura kafin alƙalami ba. In mai gidan yaƙi bada haɗin kai a yi binciken, shikenan kin samu amsarki tun ba a je ko'ina ba.

Abubuwan da binciken nan yake tonowa su ne ainihin ramukan da sabon shiga ke faɗawa. Na farko sunan da ke fayil, shin shi ne mai sayarwan ko wani ne can daban wanda baima san ana cinikin gidansa ba, ai ba banza ba kike ganin an rubuta da jan fenti a jikin katanga cewa wannan gida ba na sayarwa bane a yi hattara da 419. Akwai wanda maigadi ne ko mai kula da gida, maigidan yana ƙasar waje, makullai na hannunsa, zai zagaya dake ɗaki ɗaki kamar nashi. Sai gidan da aka jinginar a banki aka ci bashi, orijinal ɗin C of O na can a ajiye a bankin, shi yasa kullum za a ce miki yana wajen lauya, ko ya ɓata ga takardar rantsuwar kotu da rahoton 'yan sanda, ki biya ki shiga, wata rana banki ko AMCON, hukumar da ke karɓo basussukan bankuna da suka maƙale, suzo su liƙa takarda a ƙofa. Dan haka lauyanki sai ya riƙe orijinal da hannunsa ya duba, ba leƙe daga nesa ba. Sai gidan gado, wannan ke da kanki kin san yadda yake tunda kwanan nan kika fito daga rabo, ɗa ɗaya ya tashi ya sayar ba da sanin sauran magada ba, shekara biyu sai ga sammaci. In mai sunan ya rasu sai an ga takardar kotu da ta ba wani ikon kula da dukiyar ko ta raba gadon, kuma duk wanda ke da haƙƙi ya sa hannu. In kuma takardar wakilci aka nuna miki, ki sani ita bata mayar da mallaka, izini ne kawai na yin abu a madadin wani, sai an nemo wanda ya bayar an ji daga bakinsa.

Lugbe kuma tana da nata ciwon daban. Filaye da yawa a wajajen titin filin jirgi da takardun ƙaramar hukuma ko na sarakunan gargajiya aka sayar dasu, alhali kotuna har Kotun Ƙoli sun sha faɗa cewa a birnin tarayya minista ne kaɗai ke da ikon bada fili. Tun zamanin da El-Rufai yake minista daga 2003 zuwa 2007 ake rusau a Abuja kuma har yau ba a daina ba. Ko filin na da takarda mai kyau, sai an duba izinin gini, dan akwai wanda aka amince masa gida ɗaya na zama ya tada bene mai fulat 8, ko aka ce hawa biyu ya ƙara na uku, katafila in tazo bata tambayar wa ya gina wa ya saya. Sannan harajin ƙasa, a 2025 gwamnatin birnin tarayya ta soke takardun filaye sama da 4,000 saboda an shekara goma ko fiye ba a biya ba. Ke ma shaida ce a Kano, a watan Yunin 2023 gine-ginen Filin Idi da na Daula Otal da aka rushe, mutane da yawa da kuɗinsu suka saya suna riƙe da takardu a hannu. Ba siyasa nake kawowa ba, so nake ki gane cewa ganin gini a tsaye da fenti baya nufin ƙasan da yake kai ta zauna lafiya.

Ga kuma tambayar da na tabbata babu wanda ya yi miki bayaninta: in kin biya miliyan 60 ɗin nan, me kika mallaka? Sunan wa za a rubuta a takardar sauya mallaka? In sunan kamfanin ne, toh ke risit kawai gareki da wata takarda mai tambarin zinare, gobe kamfanin zai iya kai gidan banki ya ci bashi ko ya sayar wa wani baki ɗaya, ko ma kason nan naki na ɗaya cikin huɗu ya sayar wa mutum goma, tunda ba wanda ya san wani a cikinku. Sauran mutum ukun kin taɓa ganinsu? Kin san ko akwai su ma? Ki ce a haɗa ku zama ɗaya ido da ido. In da gaske ne hanya biyu ce, ko dai sunayenku huɗu su shiga takardar a yi rajistarta a AGIS, ko ku buɗe kamfani naku a CAC ku huɗu kowa da hannun jarinsa a rubuce, gidan ya zama na wannan kamfanin, akawun ɗin haya kuma ba mai cire kuɗi shi kaɗai. A rubuta yadda za ayi in ɗaya yana son fita, wa zai fara saye, wa zai yi kima, in ɗaya ya rasu yaya magadansa za su shiga. Rigimar tarayya ko tsakanin 'yan uwa ciki ɗaya tana kai wa kotu balle mutanen da baki sani ba.

Sannan ki taka da ƙafarki, gani ya kori ji. Kano zuwa Abuja ba nisa bane a kan miliyan 60. Ki tafi da ƙaninki ko wani namiji naki, kar ki faɗa wa kowa ranar, ki isa da yamma bayan la'asar lokacin da 'yan haya suke dawowa daga aiki. Ki tsaya wajen mai shagon da ke kallon gidan ki sayi ruwa ki tambaye shi gidan waye wannan, ki tambayi maigadi wa yake biyansa albashi, ki ƙwanƙwasa ƙofa biyu uku kice kina neman haya ne, nawa ake biya, wa ake ba, yaushe kuɗinsu zai ƙare, ana samun ruwa, rufi na yoyo da damina. Ki kalli mitocin wuta ko suna aiki, ki kalli igiyar shanya da kwandon shara, gidan da mutane ke ciki baya ɓuya. Wata dabarar da ake yi wa sabon shiga ita ce mai gida ya karɓi hayar shekara biyu gaba a wajen kowa da ragi sannan ya sa gidan a kasuwa, ki saya ki zauna shekara biyu ba ko sisi ga gyara a kanki. Wata kuma a zuba 'yan uwa a ciki a rubuta musu risit na bogi mai kuɗi da yawa dan gidan yayi tsada, ana gama ciniki su kwashe kayansu. Shi yasa lauyanki zai nemi yarjejeniyar kowane ɗan haya da shaidar shigar kuɗin a banki, ba risit ɗin hannu ba, ya kuma duba bashin wuta a AEDC, kamfanin rarraba wutar lantarki na Abuja. In duk wannan ya wuce lafiya sai ki biya injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, ya duba ƙarfin ginin, dan fenti sabo yana rufe tsaga, ai benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe mutum sama da 40 ba a unguwar talakawa yake ba. Sai kuma ƙwararren mai kima ya faɗa miki ko gidan ya kai 240 ɗin ma.

Kuɗin da kika tura akawun ɗin manaja, wannan shi ne irin abinda ba a yi. Kuɗin gida akawun ɗin wanda sunansa ke takarda yake shiga, ta banki, a rubuta dalilin turawar, bayan an sa hannu a yarjejeniya gaban shaidu. In wani yace ki kawo tsaba ko dala a jaka ki ƙi, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da miliyan 5 ba ta banki ba.

Na fahimci abinda ke tura ki. Tun da aka saki naira a 2023 aka bar kasuwa ta riƙa yanke farashinta, kuɗi a ajiye narkewa yake, a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, kina kallon dukiyar yara tana raguwa kina ganin in baki motsa ba kin cuce su. Tunaninki daidai ne, an ruwaito daga Sayyidina Umar cewa a riƙa juya dukiyar marayu kar zakka ta cinye ta. Amma fa yawancin kuɗin nan ba naki bane Hajiya, amana ce, kuma bai kamata ace duka ta tafi wuri ɗaya, a garin da ba kya zaune, a hannun mutanen da baki sani ba, a harkar da yau ne farkon shigarki. Ni da za ki bi tawa, ko da binciken ya fito fes ba zan so ki zuba duka ba. Ki fara da abinda ƙafarki za ta iya zuwa duk sati, ƙaramin gida ko shaguna a Kano da sunan yaran a takarda, bayan an duba a KANGIS da KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ragowar ki ajiye a abu irin Sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na gwamnatin tarayya da ake fitarwa tun 2017 kafin ki koyi harkar a hankali. Kuma ki sa baffan yaran ko wanda kotu ta sani a matsayin waliyyinsu cikin maganar, komai a rubuce, ko dan ranar da za su girma su tambaya.

Shi kuma aminin maigida ba sai kin yi masa gatsali ba. Ki kira shi kice, Alhaji na gode Allah ya saka da alheri ya bar zumunci, amma tunda dukiyar marayu ce baffanninsu sunce ba za a fitar ba sai lauya ya duba fayil a AGIS ya ga orijinal, dan Allah a turo lambar fayil da sunan mai gidan da lambar sauran mutum ukun. Amma ki fara yin maganar da baffannin da gaske kafin ki faɗa, kar ya zama ƙarya. Ki kuma tambaye shi cikin ladabi ko shi da kansa ya ga orijinal ɗin, ko ya saka nasa kuɗin, ko akwai la'adar da aka yi masa alƙawari, la'ada ba haram bace amma ya kamata ki sani. Mutumin kirki zai ji daɗi ma an sauke masa nauyi, in kuwa ya hau fushi yana cewa ashe ba a yarda dashi ba, ki bashi haƙuri ki ƙara bashi haƙuri, amma kar ki tura kuɗin.

Miliyan 3 ɗin kuma, yau ɗin nan ki adana komai, alat ɗin banki, hirarku ta WhatsApp, saƙon murya, hoton takardar, bidiyon, ki tura wa wata wayar daban dan kar a goge, ki je banki ki karɓo sitetimen mai hatimi. Lauyanki ya rubuta wa kamfanin wasiƙa cewa kuɗin kafin alƙalami ne bisa sharaɗin bincike, su tabbatar a rubuce sun karɓa, kuma za su dawo dashi in takardu basu inganta ba. In suka fara kwana-kwana ko wayar manaja ta daina shiga, kar ki tsaya jiran a sasanta a cikin gida har wata shida, ki sa lauya ya rubuta ƙorafi zuwa EFCC, suna da ofis a Kano ba sai kin je Abuja ba, ki haɗa da lambar akawun ɗin da kika tura wa da sunan da ya fito a alat ɗin.